Daga Tukunyar Murhu Zuwa Kombi: Tarihin Ruwan Zafi a Gida

Duk wanda ya taɓa kwana a Shema, ko cikin garin Dutsin-Ma, ko Kurfi a watan Janairu ya san aikin farko na asuba: a hura wuta, a ɗora tukunya, a sirka ruwan alwala da na wankan 'yan makaranta. In kuma akwai mai jego a gidan, to sai an tanadi itacen kwana arba'in. A Ingila da Jamus wata na'ura ce da ake kira kombi ke wannan aiki. Akwati ne da ake kafewa a bango, yana ɗumama ɗakuna, yana kuma ba da ruwan zafi da zarar an buɗe famfo. Shin ta dace da gidajenmu? Amsar tana cikin tarihinta.

A 1868 wani mai fenti a Landan, Benjamin Waddy Maughan, ya ƙera na'urar da ke zafafa ruwa da gas yayin da yake gangarowa zuwa bahon wanka. Matsalarta ita ce ba ta da bututun fitar da hayaƙi, don haka gubar kabon monoksaid takan taru a banɗaki. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, kuma ita ce dai ke kashe mutanen da suka kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu.

Daga nan aka bi hanya biyu. A Amurka, a 1889, injiniya ɗan asalin Norway Edwin Ruud ya fito da tankin da ke tara ruwan zafi, wutarsa na kunna kanta tana kashe kanta. A Jamus kuwa, a 1894, Johann Vaillant ya yi rajistar na'urar da ruwa ke bi ta cikin rufaffen bututu ba tare da ya haɗu da hayaƙi ba. Wannan ta biyun ce kakar kombi. A shekarun 1960 kamfanin Vaillant ya haɗa ɗumama gida da ruwan wanka cikin akwati ɗaya, babu tanki, abin da ya yi wa masu ƙananan gidaje daɗi.

A nan gida tafiyar daban ce. Daga murhun duwatsu uku aka koma risho, sannan hitar lantarki da ake tsomawa cikin bokiti. Da aka cire tallafin kananzir a 2016, risho ya ja baya: masu hali suka koma tukunyar gas, saura suka koma gawayi da itace. Amma duk cikinsu dabarar ɗaya ce, wato a zafafa ruwa kaɗan a hankali, a sirka.

Bari mu yi lissafi. Kafin lita 1 ta ruwa ta ƙara zafi da digiri 1, tana cin kilojul 4.2. Bokiti mai lita 20 da za a ɗaga daga digiri 18 zuwa 40 yana cin kusan rabin yunit na lantarki, kuma hita mai kilowat 1.5 za ta gama cikin minti 20. Ita kombi ba ta jira. Dole ta zafafa ruwan a daidai lokacin da yake wucewa, shi ya sa ko ƙaramarta takan kai kilowat 24. In aka haɗa ta da tukunyar gas mai kilo 12.5 tana ci da cikakken ƙarfi, ba za a yi awa 7 ba gas ya ƙare.

Ba gas kaɗai ba. Kombi na buƙatar ruwa mai ƙarfi a bututu, kuma tankin da aka ɗora mita 5 sama yana ba da kusan rabin ƙarfin da yawancinsu ke so. Gidan da ke sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa kuwa ba a ma maganarsa. Tana kuma buƙatar lantarki don fanka da famfonta, in an ɗauke wuta ta tsaya cak. Ga shi rabin aikinta, wato ɗumama ɗakuna, mu na 'yan makonni kawai muke bukatarsa.

Akwai wata hanya ta uku da tarihi ya ajiye mana. A 1891 Clarence Kemp na birnin Baltimore ya sa baƙaƙen tankuna cikin akwati mai murfin gilashi, rana ta zafafa ruwan. Jikokin wannan na'ura su ne hitar sola ta yau: bututun gilashi da tanki mai riƙe zafi har wayewar gari. Ba ta cin gas, kuma irin mai sauƙin ba ta neman wutar nepa. Sai dai ƙurar hunturu na rage mata ƙarfi a daidai lokacin da aka fi son ta, don haka sai ana goge gilashin a kai a kai.

Saboda haka mai ginin gida a Shema ya fara da ƙirga bokiti nawa iyalinsa ke sirkawa da asuba, ya duba daga ina ruwansa ke zuwa, sannan ya zaɓi na'ura. In kuma mai amfani da gas ce, kada a kafa ta cikin banɗaki ba tare da bututun hayaƙi mai fita waje ba.