Matan Ƙasar Hausa da Cinikin Ƙetare: Waiwaye a Kan Tarihi

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu nuna cewa matan ƙasar Hausa sun daɗe da hannu a cinikin ƙetare, sai dai rabonsu a cikin ribarsa ƙalilan ne, sa'annan mu duba dalilin haka.

2.0 Zamanin Fatauci

Sa'ad da Heinrich Barth ya zo Kano cikin 1851, ya kimanta tufafin da birnin ke fitarwa kowace shekara a kan wuri miliyan 300, ana kai su har Tambutu da Gat da Tarabulus. To, kafin zare ya kai hannun masaƙi, balle tufa ta shiga marina, mata ne ke gurza auduga, su shiɓa, su kaɗa da mazari a cikin gida. Saboda kulle, dillaliya ko 'yar talla ke kai zaren kasuwa. Watau wahalar farko ta mace ce, riba mai tsoka kuwa ta madugu da fatake da mai masauki.

3.0 Bayan Zuwan Turawa

Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, sai yadin Ingila da zaren inji suka yawaita, sana'ar kaɗi ta yi ta ja da baya. Mata da yawa suka koma ga man gyaɗa da ƙuliƙuli, jarinsu kuwa adashi, wanda ba ya isa a yi safara mai nisa.

4.0 Yunƙurin Hukuma

An kafa ECOWAS cikin 1975, da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki ta Nijeriya cikin 1976. Cikin 2019 Nijeriya ta sa hannu, a Yamai, kan yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka, amma a watan Agusta na shekarar ta rufe iyakokinta na tudu har zuwa Disamba 2020. Mai babban jari ya bi ta ruwa ko ta sama. Mai ƙaramin jari ta zauna da kayanta.

5.0 Kammalawa

Abubuwa uku suka tauye mace tun zamanin ayari: ƙarancin jari, yawan 'yan tsakiya, da rashin sanin farashin can inda kaya ke sauka. Don haka muna ganin taimakon da zai yi tasiri shi ne bashi mai sauƙi ta hannun ƙungiyoyin adashi, da bayanin ƙa'idodin kwastan cikin Hausa, da hanyar da mai sana'a za ta yi ciniki da mai saye baki da baki.