Ƙarafunan wuyan jita: abin da za a sa in ba a samu na kanti ba

Samari da yawa a garuruwanmu suna haɗa jita da hannunsu, da katako da galan da wayar birkin keke. Inda aikin ke tsaya musu shi ne wajen ƴan ƙarafunan nan da ke gicciye a wuyan jita, waɗanda masu sana'a ke cewa firet. Da wuya ka gan su a kasuwannin ƙauye, sai a manyan birane irin Yamai ko Kano. Ga bayanin aikinsu, da abin da zai tsaya a madadinsu, da yadda ake auna wurinsu.

Mene ne aikin firet

In ka danne tsarkiya da yatsa a bayan ƙarfen, tsarkiyar takan kwanta a kansa, sai tsawon da ke kaɗawa ya ragu, murya ta hau. Kowane ƙarfe mataki guda ne na murya. Na kanti galibi haɗin jan ƙarfe ne da nikel da zinki. Fadinsa wajen milimetir 2 zuwa 3 ne, tsayinsa bisa katako wajen milimetir 1, kuma yana da ƴar ƙafa da ke shiga tsagar da aka yi da zarto. Abu uku ake nema ga duk abin da zai maye shi: ya yi santsi, duka su yi tsayi ɗaya, kuma ya zauna daram.

Kayan kiɗanmu na gado ba su da shi

Gurmi, molo, garaya, goge da kukuma duk ba su da firet. Yatsa da kunne ne ke nemo murya. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsarkiya ɗaya ya yi suna a duniya. Marigayi Malam Maman Barka, wanda ya rasu a 2018, gwanin gurmi ne kafin ya koyi biram na bakin tafkin Cadi. Ita ma jitar gida tana da nata tarihi a nan jihar Tawa. Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, ɗan yankin Cintabaradan da Abalak, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, ga shi yau yana wasa a Amurka da Turai. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen ta Mali ma da gwangwani da sanda da wayar keke ya fara. Saboda haka hanya mafi arha ita ce a bar wuyan haka nan, a goge shi ya yi sumul, a ja layi da biro a wurin kowace murya. Sai dai mai son ya danne tsarkiya uku ko huɗu lokaci guda, shi kam firet zai sauƙaƙe masa.

Abubuwan da ke maye shi

Na farko, siraran ƙarafunan cikin ƙafar keke. Kaurin yawancinsu milimetir 2 ne, dab da na kanti, kuma suna da tauri, tsarkiyar ƙarfe ba ta cin su da wuri. Wajen mai gyaran keke a Ƙonni, Malbaza ko Illela ba a rasa tsofaffi. A zaɓi miƙaƙƙu marasa tsatsa. Na babur sun cika kauri, suna ɗaga tsarkiya har murya ta karkace.

Na biyu, wayar lantarki ta jan ƙarfe mai zare ɗaya, a feɗe robar. Wadda ake kira 2,5 kaurinta wajen milimetir 1,8 ne. Tana da daɗin yanka da lanƙwasawa, amma tana da laushi: tsarkiyar ƙarfe takan yi mata gurbi nan da nan. Ta fi dacewa da tsarkiyar roba. A nemi ragowa wajen mai aikin lantarki, kada yaro ya kusanci wayar da ke da wuta ko ta allon hasken rana na gida.

Na uku, sandar farin ƙarfe mai ruwan ɗorawa da wasu masu walda ke like da ita. Ta fi jan ƙarfe tauri, ba ta tsatsa, ga kyau a ido.

Na huɗu, ƙananan ƙusoshin kafinta, a datse kai da tsini. A saye su kwali ɗaya don kaurinsu ya zo daidai. Aibinsu tsatsa da damina, sai ana shafa musu ɗan mai.

Na biyar, zaren roba na kamun kifi mai kauri, wajen milimetir 1. Ana naɗa shi a wuyan sau biyu ko uku, a ɗaure tamau ta baya. Wannan tsohuwar dabara ce: molon Turkiyya da ake kira saz haka ake yi masa har yau, Turawan da kuma da hanjin dabba suke ɗaure nasu. Amfaninsa, in murya ba ta zauna ba sai ka gusa shi. Ga wuya mai zagaye, irin na sanda ko gora, babu kamarsa.

Na shida, tsinken sakace ko tsinken tsire na gora. Kusan kyauta ne, ya isa yaro ya koyi hannu, amma ba ya daɗewa.

Awo, inda aka fi ɓata aiki

Ko da zinariya aka yi firet, in ba a wurinsa yake ba, jita ba za ta yi daɗi ba. A auna tsawon tsarkiya daga inda ta tashi a kan wuya zuwa jakin da ta hau a kan ciki. A raba wannan tsawo da 17,8, abin da ya fito shi ne wurin ƙarfe na farko. A cire shi daga tsawon, a sake raba ragowar da 17,8, a samu tazarar na biyu, haka har ƙarshe. Shi ya sa tazarar ke ta matsewa in an nufo ciki.

Ga lissafin tsarkiya mai santimetir 60, duka a auna daga kan wuya, da milimetir: na 1 a 33,7, na 2 a 65,5, na 3 a 95,5, na 4 a 123,8, na 5 a 150,5, na 6 a 175,7, na 7 a 199,5, na 8 a 222, na 9 a 243,2, na 10 a 263,3, na 11 a 282,2, na 12 a 300.

Ku lura, na 12 a tsakiyar tsarkiya yake cif, na 5 kusan kashi ɗaya cikin huɗu, na 7 kusan kashi ɗaya cikin uku. Da waɗannan ukun za ka gane ko lissafinka ya kauce. Kada a auna daga wannan ƙarfe zuwa wancan, don ƴan kurakurai sai su taru su yi yawa. Da yake yawancin waƙoƙinmu a kan muryoyi biyar suke tafiya, wanda kayansa ba su da yawa yana iya sa biyar kawai: na 3, 5, 7, 10 da 12, ko kuwa na 2, 4, 7, 9 da 12.

Yadda ake dasawa

Katakon wuya ya zama busasshe, miƙaƙƙe, mai tauri. A ja layukan da fensir, a yi ƴar tsaga da zarton yankan ƙarfe, zurfinta ɗaya a ko'ina, yadda wajen rabin wayar zai nutse, milimetir 1 ya rage a sama. A goge wayar da samfefa, a sa gam mai ƙarfi, irin mai kwalba biyu da ake cuɗawa, a danne da katako mai faɗi har ya bushe. In jan ƙarfe ne, ana iya lanƙwasa bakinsa biyu a cusa cikin ƴan ramuka a gefen wuya.

Bayan ya bushe, a ɗora rular ƙarfe a kan uku uku. In ta yi rawa, na tsakiya ya fi tsayi, a rage shi da magagari, in ba haka ba tsarkiya za ta riƙa zuza. A goge bakunan duka har yatsa ya bi bai ji kaifi ba. Da hunturu katako yakan tsuke, bakunan su leƙo, sai a sake bi da magagari. Daga ƙarshe a kaɗa tsarkiya a sake, a kuma danne ta a na 12: murya ɗaya ya kamata a ji, sai dai ta biyun a sama. In ta zarce, a ja jaki baya kaɗan, nesa da wuya. In ta gaza, a matso da shi.

A yi hattara

Waya in ana datsa ta takan yi tsalle, a kau da fuska, a kori ƙananan yara daga wurin. Haka ma lokacin ɗaure tsarkiyar birki, don in ta tsinke ido take nema. Wanda tsatsattsen ƙarfe ya yanka ya wanke da ruwa da sabulu, ya je likita a duba maganar allurar tetanus, kada a tsaya sa toka ko ƙasa.

Ku kuma ƴan uwa na waje, in ƙane ko ɗa ya roƙe ku jita kuma kuɗin bai kai ba, ku leƙa shagon kayan kiɗa ku sayo masa wayar firet da tsarkiya saiti ɗaya. Mita ɗaya da rabi ta ishi jita guda, kuma a aljihun jaka take shiga. Ko karyayyar jita da aka yar, wuyanta da maɗauran tsarkiyarta suna da amfani a nan gida. Wanda ya gwada ɗaya daga cikin dabarun nan, ya zo da jitarsa gidan rediyo mu ji muryarta. Allah ya ba da sa'a.