Gurasar Gida da Tukunyar Tsimi a Shekarun Wahala

 A wannan karo muna so mu waiwaya baya, mu dubi yadda gidajenmu suka ci abinci a shekarun da hatsi ya yi wuya. Dalili kuwa shi ne, kukan da muka fi ji a bakin ƴan'uwa mazauna birni shi ne tsadar burodi da shinkafa, alhali iyayenmu mata sun san hanyoyin riƙe gida ko da babu dala a hannu. Masu sanin hanyoyin nan suna ta raguwa, mu kuwa ba mu koya ba.

Mu fara da alkama. Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Tun kafin zuwan Nasara ana noma ta da rani a garake, a lambunan Abzin da bakin Komadugu, daga baya kuma a filayen ban ruwa na Ƙwanni. Amma ba cimakar kullum ba ce. Da ita ake yin alkaki na buki, da funkaso na salla, da gurasar da ake gasawa a tanderu. Buzaye kuma suna da tasu, wadda suke ce wa tagella: a kwaɓa gari da ruwa, a binne cikin rairayi mai zafi da toka, in ta gasu a kakkaɓe a ci. Burodi mai tsawo da muke saye a teburin mai shayi, shi Faransawa suka zo da shi, kuma galibin garin da ake yin sa daga ƙetare yake zuwa ta tashar jiragen ruwa. Watau tun farko kuɗinsa ba a hannunmu yake ba.

Dattawa sun gaji labarin Kakalaba daga iyayensu. Ruwa ya ƙi sauka a damanar 1913, yunwa ta biyo a 1914, mutane da yawa suka mutu tun daga Adar har Damagaram da ƙasar Kano. A 1931 fara ta cinye gonaki, musamman yamma wajen Zabarmawa, kuma duk da haka Nasara bai fasa karɓar haraji ba. Bayan wannan ne aka matsa wa talakawa da rumbun tsimi, kowane mai gida ya zuba hatsi, ba ya taɓawa sai da izinin kwamanda. Mutane sun ƙi jinin abin saboda tilas ɗin da ke ciki, amma ajiya kanta ba sabuwa ba ce a gare su, domin babban mai gida na da akan san shi da damman bara da na bara waccan a rumbu.

A irin shekarun nan daji shi ne kasuwa. Mata sukan ɗebo tafasa da yaɗiya da jiga, a dafa, a matse, a kwaɗa da ɗan ƙuli in akwai. Akan sussuke ƙarangiya a fid da ƙwayarta. Babba cikinsu ita ce anza. Ƴaƴanta suna da ɗaci da dafi, sai an ɓare su, an jiƙa kwana da kwanaki ana sake ruwa, kafin a dafa su kamar wake. Wanda ya yi gaggawa ya cuci iyalinsa. Wannan ilimi ne, kuma ba a lakwal ake koyar da shi ba, daga uwa yake zuwa ga ɗiya.

A yunwar 1953 zuwa 1954 wani sabon abinci ya shigo da ƙarfi, shi ne garin rogo daga Kurmi, har Zabarmawa suka sa wa shekarar sunan gari. Tun daga nan bai bar mu ba, domin ba ya bukatar wuta: ruwa, da ɗan mai, da yaji, an ƙoshi. Fari na 1973 kuma ya zo da jar dawa ta taimako daga Amurka, wadda da yawa ba su so ɗanɗanonta ba. Mata suka bi ta da dabara, a surfe ta sosai, a wanke, a haɗa da ɗan hatsi ko wake, har ta ciwu. Gwamnati ta kafa OPVN tun 1970 don ajiyar cimaka, amma an yi ta ƙorafi kan rabon taimako, kuma yana cikin dalilan da soja suka bayar da Seyni Kunce ya kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974. Gyaɗa da ke kawo kuɗi a jihohin Maraɗi da Damagaram ta faɗi a shekarun nan, wake ya maye gurbinta a gonaki da tukwane.

Yunwar 1984 ita ce ake kira El Buhari, domin a shekarar ne Nijeriya ta rufe iyakokinta, ga fari, ga ba hanyar shigo da hatsi ko fita cin rani. Sa'an nan a watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa. Tamma ɗaya ta Faransa da ake saye dala goma ta koma dala ashirin a dare guda, duk abin da ke zuwa daga waje ya hau, burodi na cikin na farko. A 2005 aka ɗora harajin kashi 19 cikin 100 kan fulawa da madara da sukari, mutanen birane suka fita zanga-zanga, suka rufe kasuwanni, har gwamnati ta janye wani sashe. Shekarar nan ce kuma yunwa ta ci yara ƙanana a jihar Maraɗi. A 2022 yaƙin Rasha da Yukiren ya sake tada kuɗin alkama. Abin lura a nan, duk lokacin da aka shiga matsi, gidan da ya dogara ga sayen abinci kullum safiya shi ne yake fara jin jiki.

To, ga yadda ake gurasar gida, don wanda bai sani ba. A sami garin alkama ko fulawa kwano uku, a haɗa da kwano ɗaya na garin hatsi ko na dawa mai laushi. Kada a wuce haka, domin hatsi ba shi da danƙon da ke riƙe kumburi, in ya yi yawa gurasa sai ta farfashe. A sa gishiri kaɗan, a kwaɓa da ruwa mai ɗumi, a murza har ya bar kama hannu. Ba dole sai an sayi abin sa kumburi a kanti ba. A riƙa ajiye ɗan curi daga kwaɓin jiya, shi ne tsamin da zai tada na yau. A rufe, a aje wuri mai ɗumi har ya ninka, a yanka, a faɗaɗa da tafin hannu. Mai tanderu ta manna a jikinsa. Wadda ba ta da shi ta zuba rairayi mai tsabta a gindin tsohuwar tukunya, ta ɗora faranti, ta rufe, garwashi ƙasa, garwashi bisa murfi. In gari ya ƙare ƙaf, akwai masa ta hatsi, akwai ɗan wake, akwai ƙosai, dukansu daga gonarmu suke fitowa.

Tsimi kuma ba a gari kaɗai ya tsaya ba. A gidan da, ba abin da ake zubarwa daga tiya guda ta hatsi. Dusa ta awaki ce, in wuya ta yi wuya ta mutane ce. Ƙasari akan sha ko a ba bisashe. Tsaki ya zama dambu da zogale. Tuwon dare ya zama ɗumamen safe, ƙanzo a shanya a aje don ranar babu. Kuka da kuɓewa da lalo da yakuwa akan busar da su tun da kaka, ƴaƴan yakuwa kuma su zama daddawa. Wake akan jiƙa shi tun dare, a jefa ƴar kanwa, ya nuna da itace kaɗan. Murhun Mai Sauƙi da aka yaɗa a birane cikin shekarun 1980 saboda wannan aka ƙera shi, don a rage cin itace.

Ba muna cewa wahala abin marmari ba ce. Waɗanda suka ci anza ba don daɗi suka ci ba, kuma dabarun nan ba su hana a binne yara ba a 1974 da 1984 da 2005. Tsimi yana ja wa abinci kwana, ba ya haifar da shi. Shi ya sa muke roƙon ƴan'uwa da ke bida abu biyu. Na farko, mai niyyar aiko da kuɗin hatsi ya aiko da kaka, lokacin da tiya take da araha, kada ya bari sai damana ta yi nisa rumbu ya ƙare, kuɗi sun hau. Na biyu, duk wanda ya zo gida da iyalinsa ya bar ƴaƴansa su zauna kusa da kakanninsu a madafa, su ga yadda ake jiƙa anza, da yadda ake tada kwaɓi, da yadda ake shanya ganye. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Iyayenmu dattawa, in mun yi kuskure ko mun manta wani abu a labarin nan, ku gyara mana a taro mai zuwa, mu rubuta shi tun kuna nan. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya raba mu da maimaicin waɗannan shekaru. Amin.