Bishiyar Goro da Hanyar Gwanja

Bishiyar goro itaciya ce ta kurmi, wadda ke buƙatar inuwa da ruwan sama mai yawa, saboda haka ba ta yi a ƙasar Hausa, amma duk da haka 'ya'yanta sun shiga rayuwar Hausawa har ta kai ba a ɗaurin aure ko raɗin suna sai da su. Irin da aka fi so shi ne mai ɓari biyu, wanda masana tsirrai ke kira Cola nitida, kuma dazuzzukan Asante, a Ghana ta yau, suna cikin manyan wuraren da yake fitowa.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, cikin ƙarni na 15, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, ƙasar da ke arewa da Asante. A ƙarni na 19 kuwa kasuwar Salaga, a ƙasar Gwanja, ita ce matattarar cinikin goro, domin sarakunan Asante ba sa barin baƙi daga arewa su kutsa cikin kurmi, sai dai a kawo musu goron can. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka fi shahara a fataucin, suna tafiya cikin ayari ƙarƙashin madugu, wato shugaban tafiya, ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da fatu.

Wahalar gaske tana wajen komowa, domin goro ba ya son iska da zafi, ga shi tafiyar ta watanni ce a bayan jakuna. Lokaci-lokaci sai an kwance huhu, wato ƙunshin goro, a tsince wanda sankara ta kama, a yayyafa ruwa, a sake naɗewa da ɗanyen ganye, kuma falken da ya yi sakaci da wannan aiki, jarinsa ne zai ruɓe a hanya. Wannan ƙwarewa ta cancanci yabo fiye da yadda aka saba yi mata.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi, babban birnin Asante, a 1874, Salaga ta fara ja da baya, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa 'yan kasuwarta. Fatake irin su Alhassan Ɗantata sun koma ɗauko goro ta teku daga Ankara ta Ghana zuwa Ikko, jirgin ƙasa ma ya iso Kano a 1911, daga baya kuma manoman ƙasar Yarbawa suka rungumi shuka wannan iri, wanda har yau suke kira gbanja, daga sunan Gwanja.