Pen Cinema: Gidan Kallon Da Ya Bar Wa Agege Suna

Duk wanda ya hau danfo daga Oshodi ko Ikeja zuwa unguwar nan ya saba jin kwandasta na kiran "Pen Cinema! Pen Cinema!" Yaranmu da aka haifa bayan 2000 sun ɗauka sunan tasha ne kawai, ko kuma sunan gadar saman da gwamnatin Legas ta buɗe a watan Maris na 2021. To, gidan silima ne na gaske, mai allo da kujeru da tagar sayar da tikiti, tun Agege tana ƙaramin gari a bayan Ikko. Ya kamata mu san tarihinsa da na ire-irensa, domin akwai darasi a ciki ga duk mai tara jama'a yana karɓar kuɗinsu.

An fara nuna fim a ƙasar nan a watan Agusta na 1903, a zauren Glover da ke tsibirin Legas. Daga baya Turawan mulki suka shigo da majigi, wato motar da ke yawo gari-gari tana haska finafinan tsafta da noma kyauta a fili. Silimar kuɗi kuwa 'yan kasuwa ne suka kafa ta, galibi Kwarori da Indiyawa. A Kano an buɗe Rex a 1937. A nan Legas aka samu irin su Casino a Yaba, da Roxy a Apapa, da Super a Surulere, mu kuma a Agege muka samu Pen.

Me ya sa Agege? Ai jirgin ƙasa ne. Layin dogo da ya tashi daga Ikko ya isa Badun a 1901, ya isa Kano a 1911, kuma ta nan ya ratsa. Gonakin goro na kewaye suka jawo kakanninmu fatake, suka zauna suna ɗaure huhu suna lodawa Arewa, shanu kuma na sauka daga can. Inda duk aka tara 'yan dako da mahauta da direbobi da ma'aikatan reluwe, samari masu 'yan kuɗi a aljihu kuma nesa da gida, to mai silima ya samu kasuwa.

Mu da muka taso a shekarun 1980 mun riski ƙarshen wannan zamani, yayyenmu kuwa su suka ga ganiyarsa. Tsarin silimun lokacin kusan iri ɗaya ne. Tun da rana ake kafa fasta a bakin ƙofa, yara su yi cirko-cirko suna gardamar wane ne jarumi, wane ne bos. Da magariba ta wuce sai layi ya miƙe. Masu tsire da masu shayi da masu rake da gyaɗa duk sun kunna aci-balbal, har ma wanda ba shi da niyyar shiga yakan zo don hira. A ciki kuɗinka ne ke zaɓa maka wuri: benci a gaba dab da allo na masu ƙaramin ƙarfi, kujerun baya na masu hali. Ba a tambayar ƙabilarka. Bahaushe da Bayarabe da Ibo a benci guda, suna ihu lokaci guda.

Mutanenmu fim ɗin Indiya suka fi so, duk da ba sa jin yaren. Sun ga kunya da girmama iyaye, sun ga auren dole da talaka mai fama da azzalumin mai kuɗi, suka ce ai wannan labarin gidanmu ne. Har laƙabi Hausawa suka raɗa wa 'yan wasan: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Sholay na 1975 akwai wanda ya kalle shi har ya haddace, yana faɗa wa na kusa da shi abin da zai faru tun bai faru ba. Sai finafinan Caina na su Bruce Lee, waɗanda in an tashi za ka ga yara na ta tsalle suna harbin iska a titi. Makwabtanmu Yarbawa kuma in an kawo fim ɗin Hubert Ogunde, gida-gida suke fitowa har da tsofaffi.

Iyayenmu da malamanmu dai ba su taɓa sakin jiki da silima ba, kuma suna da hujja. Wuri ne na dare, akwai 'yan sane, akwai masu shaye-shaye a gefe, ga sallar isha'i da ke wuce wasu. Shi ya sa da wuya ka ga matar aure ko budurwar Zango a can. Wannan gaskiya ce, ba a ɓoye ta.

Amma ni a matsayina na ɗan kasuwa, abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ake riƙe ɗan kallo. Mutum huɗu ne ke riƙe da mutuncin kowace silima: mai tikiti, mai tsaron ƙofa, mai tocila da ke nuna wurin zama, da mai inji. In mai tikiti na ba da canji cif, bai haɗa baki da 'yan bumburutu su saye tikiti su ninka kuɗi a waje ba, gari zai sani. In mai ƙofa ƙato ne mai dorina wanda bai san babba ba, shi ma gari zai sani. Mai inji kuwa shi ne abin tausayi. Fim a naɗe yake zuwa, faifai-faifai, in ɗaya ya ƙare a ɗora wani. Ya tsinke ko NEPA ta ɗauke wuta ana tsakiyar faɗa, sai ihu da buga benci, ana "A ba mu kuɗinmu!" Gidan da ya san ciniki yakan tada janareta nan take, ko ya ce kowa ya riƙe guntun tikitinsa ya dawo gobe. Gidan da bai sani ba sai ya kashe fitila ya kora mutane. Bahaushe ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma 'yan kallo sun san gidan da ke yi musu ita.

Babban haƙƙin ɗan kallo kuwa shi ne ya fita lafiya kamar yadda ya shiga. A 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya a Kano, mutum 331 suka rasu cikin kusan 600 da ke ciki. Fim ɗin wancan zamani abu ne mai saurin kama wuta, ga jama'a sun yi cincirindo a hanyar fita. Da yawa a lokacin sun ce fushin Allah ne. Mun yi imani da ƙaddara, amma wanda ya tara mutane ya karɓi kuɗinsu, amanar rayukansu na wuyansa.

Abubuwa da dama suka taru suka kashe tsofaffin silimu. Dokar 1972 ta zamanin Janar Gowon ta mayar da su hannun 'yan ƙasa. Tsarin SAP na 1986 ya karya Naira, sayo fim daga waje ya gagara. Fashi ya sa mutane tsoron fitar dare. Sannan bidiyo ya shigo ɗaki: Turmin Danya a Kano a 1990, Living in Bondage a Legas a 1992. Sai dai akwai laifin masu gidajen ma. Da yawa sun bar kujeru sun karye, kuɗin cizo ya yi gida, makewayi ba ya shiguwa, ana ta maimaita tsohon fim mai zane-zane. Sun saba mutane ba su da wani wurin zuwa. Ranar da aka samu zaɓi, kowa ya zauna gidansa. Wasu gine-ginen suka koma coci, wasu sito. Da Silverbird ta buɗe sabuwar silima a Victoria Island a 2004, abin da ta sayar shi ne tsafta da sanyi da fara fim kan lokaci, mutane kuma suka biya da tsada.

Yau magadan Pen Cinema a unguwar nan su ne gidajen kallon ƙwallo, kuma da yawansu na 'ya'yanmu ne. Ku leƙa ku gani: rumfar kwano, ƙofa ɗaya ƙunƙuntacciya, janareta da jarkar fetur a bakinta, wayoyin wuta a tsirara, samari sun haura ɗari a ciki. A watan Afrilu na 2017 babbar wayar lantarki ta faɗo kan wani gidan kallo a Kalaba ana kallon wasan Manchester United, aka rasa rayuka. Don haka ina roƙon masu wannan sana'a, don Allah ku buɗe ƙofa ta biyu, ku nisanta janareta da mutane, ku daina cusa jama'a fiye da ƙima, in wuta ta lalata kallo ku mayar wa mutane kuɗinsu, lokacin salla kuma a ba da sarari. Shugabannin Zango su ma su riƙa zagayawa suna dubawa, kada a jira sai abu ya faru.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare mana zuri'a, Ya sa albarka a kasuwancinmu. Amin.