Daga Tama Zuwa Ƙarfe Marar Tsatsa: Abin da Masaba Ta Sani

Kafin zuwan Turawa, maƙeran ƙasar Hausa daga tama suke samun ƙarfe, su ƙera fartanya da lauje da mashi. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, ya zarce Nguru a 1930 ta Malam Madori, maƙwabciyar Kaugama, sai ƙarfen Turai ya yawaita a kasuwannin ƙasar Haɗejiya. Narka tama ta mutu, amma ƙira ta ci gaba.

Ilimin da maƙera suka riƙe shi ne bambancin dukan zafi da dukan sanyi. Ƙarfen da zugazugi ya mayar ja yana bin masaba yadda ake so. Wanda aka daka da sanyi kuwa ƙara tauri yake yi, idan aka matsa masa ya tsage, sai an mayar da shi wuta ya yi laushi.

A 1913 Harry Brearley ya haɗa ƙarfe marar tsatsa a Sheffield ta Ingila. Sirrinsa sinadarin kuromiyom, wanda ke yi wa ƙarfen wata siririyar riga da ke hana tsatsa. Nau'in da ake yin cokula da kwanuka da shi yana ɗauke da kuromiyom kashi 18 cikin 100 da nikel kashi 8, kuma ya fi baƙin ƙarfe saurin taurara da sanyi. Matsa shi yana sauya tsarin ƙwayoyinsa, har maganaɗisu ya fara kama shi a inda aka lanƙwasa. Shi ya sa gwajin maganaɗisu a kasuwa ba ya isa a ce kaya jabu ne. Masana'antu kan ɗumama shi zuwa digiri 100 ko 200 kafin su matsa, don rage wannan sauyi.

A nan ne tsohon ilimi ya tsaya. Idan wannan ƙarfe ya daɗe tsakanin digiri 450 da 850, kamar yadda yake yi a garwashin maƙera ko gefen walda, kuromiyom yakan haɗe da kabon, tsatsa ta samu ƙofa. Gyaransa sai an zarce digiri 1,000 a sanyaya shi da sauri.

Manoman shinkafar fadamar Haɗejiya sun dogara ga injinan ban ruwa, kuma maƙeri da mai walda ne ke gyara su. Koya musu wannan bambanci ya fi sayen sabon famfo sauƙi.