Gerrit Keizer: Mai tsaron gidan da ya haɗa Ajax da Arsenal

Gerrit Keizer shi ne ɗan ƙasar Holland na farko da ya buga wa ƙungiyar Arsenal wasa. Zamansa a ƙungiyar bai wuce shekara guda ba, amma ya zo daidai lokacin da Ingila ke shirin rufe ƙofarta ga 'yan ƙwallon ƙasashen waje.

An haife shi a birnin Amsterdam a 1910, kuma ya shiga ƙungiyar Ajax yana ɗan shekara 16. A 1929 ne ya fara tsare wa babbar ƙungiyar raga, sai dai akwai Jan de Boer a gabansa, saboda haka yawanci a benci yake zama.

A wancan zamani ba a biyan 'yan ƙwallo albashi a Holland, sai a 1954 aka halatta hakan. Ke nan dole matashi ya nemi sana'ar da zai ci abinci da ita. A 1930 Keizer ya tafi Ingila domin ya ƙware a Turanci, ya kuma riƙa buga wa wata ƙaramar ƙungiya mai suna Margate wasa.

Matsalar Chapman

A daidai lokacin ne kocin Arsenal, Herbert Chapman, yake neman mai tsaron gida ruwa a jallo. Wanda ya so ya ɗauka shi ne Rudi Hiden na ƙasar Austriya, wanda ya hana Ingila cin ko da ƙwallo ɗaya a wasan da aka yi a Vienna a watan Mayun 1930.

Ƙungiyar 'yan wasan Ingila ta nuna adawa, ganin yadda rashin aikin yi ya addabi ƙasar, kuma ma'aikatar ƙwadago ta hana Hiden takardar izinin aiki.

Keizer kuwa ba shi da wannan matsala. Yana cikin ƙasar tuni, kuma tun da ba ɗan wasan albashi ba ne, babu wanda zai ce ya ƙwace wa wani abincinsa. Ta wannan kafa Chapman ya bi.

Ranar 30 ga watan Agustan 1930 ya buga wasansa na farko, inda Arsenal ta doke Blackpool da ci 4 da 1. Shi ya tsare raga a wasanni 12 na farko na gasar rukuni na ɗaya, da kuma wasan Charity Shield na watan Oktoba wanda Arsenal ta ci Sheffield Wednesday 2 da 1.

Asabar a Landan, Lahadi a Amsterdam

Abin da aka fi tunawa da shi shi ne zirga-zirgarsa. A Ingila ranar Asabar ake buga gasa, a Holland kuma ranar Lahadi. Sai Keizer ya riƙa tsare wa Arsenal raga, sannan ya hau jirgin sama ya koma gida ya buga wa ƙungiyar Ajax ta biyu washegari. Shekaru goma ke nan kacal da kamfanin KLM ya fara jigilar fasinja tsakanin biranen biyu, kuma hawa jirgi ba abin kowa ba ne. Daga nan aka laƙaba masa sunan da ke nufin ɗan Holland mai tashi sama.

Salon wasansa na ban sha'awa ne ga 'yan kallo, amma akwai ganganci a ciki, kuma Chapman mutum ne mai son tsari. A watan Oktoba ya ajiye shi, aka koma ga Bill Harper da Charlie Preedy. Arsenal ta ci gaba har ta ɗauki kofin gasar karon farko a tarihinta, da maki 66 da ƙwallaye 127, Keizer yana kallo daga gefe.

A 1931 ya koma Charlton Athletic, daga nan Queens Park Rangers, kafin ya koma Ajax a 1933. Ya buga mata wasanni fiye da 300 zuwa 1948, ya kuma buga wa ƙasarsa sau biyu a 1934. Ya rasu a 1980.

Dokar 1931

Bayan rikicin Hiden, hukumar ƙwallon Ingila ta kafa doka a 1931 cewa baƙon da ba talakan Birtaniya ba ne ba zai buga wasan albashi ba sai ya zauna shekara biyu a ƙasar. Dokar ba ta shafi waɗanda aka haifa ƙarƙashin mulkin Birtaniya ba, shi ya sa Teslim Balogun, haifaffen Legas, ya samu buga wa Queens Park Rangers a 1956.

Sai a 1978 aka janye dokar. Dennis Bergkamp, wanda shi ma a Ajax ya taso, ya isa Arsenal a 1995 ta hanyar Inter Milan, kuma a 1999 Nwankwo Kanu na Najeriya ya bi wannan hanya tasa daga Ajax zuwa Inter zuwa Arsenal.